Ɓawo Na Mai Yanka Ne

Ni dai tun da burodi mai yanka-yanka ya shigo Goronyo ban ga alherinsa ba. Da can mutum zai sayi burodinsa, ya sa hannu ya yaga, ya tsoma a shayi, ba wanda ya mutu. Sai da aka datse kogin Rima aka yi dam, gari ya cika da ma'aikata masu takalma sau-ciki, su ne suka ce ba su cin burodi sai an yanka musu shi fale-fale kamar marasa haƙora. Alhaji Tambari kuwa, mai gidan burodin garinmu, ba a faɗin abin sayarwa sau biyu a gabansa. Ya tafi Sakkwato ya jajibo wani tsohon injin yanka, wuƙaƙe a jere tsirara suna sama suna ƙasa, ba murfi ba komai, ya tsayar da ƙanena Siddiƙu a gabansa.

Mu uku Inna Kyauta ta haifa. Ni Uwaliya ce babba, na dawo gabanta bayan rasuwar maigidana. Sai Siddiƙu. Sai autanmu Mainasara, mai walda da gyaran injunan ban-ruwa a bakin hanyar dam.

Tsohon injin nan bai shekara ba ya cinye wa Siddiƙu yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Ya rage babba, da ƙarami, da manuniya. Ranar da aka kwance masa ƙyalle Inna ta kama hannun ta daɗe tana shafawa, don idonta ya riga ya yi rauni, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda ya bam ma ta tahiya." Tun daga ranar, in na ga Siddiƙu zaune yana salla, idona ba ya barin yatsar nan tana motsi a kan gwiwarsa. Ita kaɗai nake ji wa tsoron injin.

Abin da ya kai hannunsa bakin wuƙa kuwa, ɓawo ne. Kowane burodi in an yanka, yankan farko da na ƙarshe sukan fito da tauri, ma'aikatan dam ba su so. A gidan burodin ana ce musu ɓawo, kuma al'ada ta zauna cewa na mai yanka ne, kamar yadda wuyan yanka yake na wanda ya riƙe wuƙa. Amma abin da ya shiga leda ya zama na kasuwa. Don haka sai mai yanka ya fizge su tun suna gefen wuƙaƙe. Kullum Siddiƙu kan dawo da su cike da ƙwarya. Inna ta jiƙa a shayi, don ba ta da haƙoran tuwo, maƙwabta su samu, ni ma ban ƙi ba.

Mainasara ne abin ya tsaya wa a rai. Ya je ya sami Alhaji ya ce zai ƙera masa injin da ke tura burodi da kansa, mai sauri ya fi na da. Bai ce masa don hannun wansa ne ba, ya san kunnen da Alhaji ke ji da shi. Alhaji ya ji sauri, ya ce a yi.

Daga nan gidanmu ya koma maƙera. Mainasara ya yanko ƙarfen tsohuwar ganga ya yi murfi mai raga. Ya samo sarƙar keke ya ɗaura mata katako, ita ke turo burodi zuwa bakin wuƙa, hannu ba ya kusantar wurin. Ya ciro makunnin wutar birkin babur ya dasa a bakin murfi, yadda da an ɗaga murfin wuta za ta yanke, wuƙaƙe su tsaya cak. Kowace kafa ta jikin raga sai da ya kira ni na gwada ƙaramin yatsana. In ya shiga, ya sake walda.

"Kai wai ni ce ma'auninka?" na ce masa.

"Yaya, duk gidanga ke ad da ɗan yatsa mai shiga abin da ba ruwanai," in ji shi.

Rogona ya ƙare wajen gwaji, haka rake, haka karas ɗin da na saya don miya. Zai zura rogo ta inda hannu zai iya bi, ya kunna, ya zare ya duba ko akwai shaidar wuƙa. Ranar da rogo ya fito lafiya ta kowane ɓangare, sai ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya shi kaɗai. Ya kuma gargaɗi mutanen gidan burodi cewa wuƙaƙen nan man gyaɗa kawai za a shafa musu, tun da abinci suke taɓawa.

Aka kai inji aka kafa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, har daga Boyekai. A jera burodi, a rufe, sarƙa ta ja, ya fito yankakke ya zarce cikin leda, Jelani ɗan ƙanen Alhaji, wanda ke kula da ma'aikata, ya ɗaure baki. Na yi murna ƙwarai. Abu ɗaya Mainasara ya manta, shi ne ɓawo. Burodi na shiga leda da kansa da gindinsa. Alhaji ya ga ledarsa ta ƙara tsawo, ya bar abin a haka.

Ƙwaryar Siddiƙu ta riƙa dawowa wayam. Inna ta tambaya sau ɗaya, ya ce sabon inji ba ya ba da ɓawo. Na riƙa saya mata burodi wajen mai shayi ina jiƙawa, tana ci tana cewa ba ɗaya ba ne. Shi kuwa ya daina hira. Can bayan 'yan makonni sai ga ƙwarya ta dawo a cike. Na ce Alhaji ya ji kunya ke nan? Ya ce eh, ya shige ɗaki. Amma na lura wasu ɓawon da ɗigon baƙi a gefe, suna kuma warin wani abu da na sani, na rasa inda na san shi.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na ce zan kai masa fura. Ban taɓa shiga cikin gidan burodin ba, iyakata ƙofa. Wallahi da ban shiga ba.

Zafi ne ya fara marina, sai wari. Ƙarti uku tsirara daga cibiya zuwa sama suna dambe da kwaɓin fulawa, gumi na gangarowa daga haɓarsu yana ɗiga a ciki, suna haɗawa suna murzawa. Ɗaya ya fyace majina ya goge a wando ya koma bakin aiki. Ƙudaje sun yi wa teburin baƙar riga. Tsumman da ake goge kwanonin gashi shi ne na ga wani ya share wuyansa da shi. Na tuna da safen nan na ci burodin gidan.

Sai na hango injin Mainasara, murfinsa a wangale, wuƙaƙe na gudu. An cusa dunƙulen kwaɓi a bakin makunnin an danne shi, ya bushe ya yi tauri kamar dutse, inji na zaton a rufe yake. Kyankyasai sun sami gari a jikin kwaɓin, suna shiga suna fita da rana tsaka. A ƙasa ga gwangwanin baƙin mai da gashin kaza a ciki. A Goronyo tun da injunan ban-ruwa suka yi yawa, ba abin da ba a shafa wa baƙin man da aka juye daga cikinsu, daga amalanke har ƙyauren ɗaki har kircin jaki. To shi ake lakuta wa wuƙaƙen da ke yanka abin da Inna ke ci. Warin da na rasa ke nan.

Ga Siddiƙu tsaye, hannun nan mai yatsu uku yana kai wa yana dawowa, caf ta dama, caf ta hagu, yana jefawa a ƙwarya. Manuniyar ce ke shiga gaba.

"Siddiƙu! Mi nika gani haka?"

Bai ko ɗago ba. "Yaya, aje hura ki tahi. Kina ɗauke man hankali."

"To ka kashe shi mana in za ka ɗauka!"

"In kashe ga kowane burodi? Alhaji na zaure shina sauraren kukan inji. In yaj ji ya tsaya, ni da Jelani na."

Jelani na gefe yana ɗaure leda yana murmushi, wai shi mai kawar da kai. Na dangwarar da furar na fita. A bakin kwata na amayar da karin kumallona duka.

Ban zarce gida ba, rumfar Mainasara na nufa. Yana kwance ƙarƙashin wani injin ban-ruwa na zayyana masa komai. Ya tashi zaune, fuskarsa ta yi toka. Na zaci zai zagi Siddiƙu. Sai ya ce laifin nasa ne, ya ƙera inji don hannu ya manta abin da hannun ke nema.

Ya sake shiga walda. Wannan karon ya sa wa injin wasu 'yan fikafikai biyu na ƙarfe a bayan wuƙaƙe, ɗaya dama ɗaya hagu. In burodi ya fito, su kautar da ɓawon biyu gefe, su gangara ta wani ɗan indararo su faɗa cikin daro a waje, murfi na rufe. Ya kankare kwaɓin, ya wanke wuƙaƙe da ruwan zafi, ya yi jifa da gwangwanin baƙin mai bayan katanga, ya kai musu kwalbar man gyaɗana ba tare da ya tambaye ni ba. Na yafe masa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu daɗi. Siddiƙu na tsaye hannuwansa a baya kamar wani mai duba makaranta, ɓawo na zuba da kansa. Ko ɗaya ba ya kuɓucewa, don haka ƙwarya ta yi kaɗan, sai a buhu yake kawowa. Inna ta yi ta sa wa Mainasara albarka. Ni ma na saki jiki, na daina ƙirga masa yatsu da ido in ya shigo.

Ashe daron ne zai tone mu. Da can ɓawo na tafiya bibbiyu daga hannu zuwa ƙwarya, ba wanda ya san yawansa. Yanzu ga shi tsibi guda a fili. Alhaji ya zagayo wata safiya ya tsaya a kan daron ya daɗe. Yana da raguna shida a bayan gidan burodin da yake turka wa layya. Daga ranar Jelani ke ɗauke daro ya kai musu.

Mu biyu muka je, ni da Mainasara. Muka same shi a zaure kan buzu, da carbi, da ƙamshin turare. Alhaji Tambari jikan malamai ne, kakansa an ce alƙali ne a Wurno, kuma ba ya bari ka manta. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ya kamata. Mainasara ya yi bayani a hankali, ya ce ɓawo haƙƙin mai yanka ne tun kafin a san shi.

"Gaskiya kaf faɗi, ɗana," in ji Alhaji. "Ɓawo na mai yanka na. Ni ban tauye al'ada. To amma in tambaye ka. Wuyan yanka wa aka ba?"

"Wanda yay yanka, Alhaji."

"Madalla. Yanzu wa ka yanka? Siddiƙu ko inji?"

Alhaji bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Kai da bakinka kac ce inji ka yi da kainai. Injin kuwa na wa na?" Ya ja carbi ɗaya. "Amma ni ba azzalumi ba na. Abin da hannun Siddiƙu yaɗ ɗauko, nashi na, ban hana mai ba. Abin da yaf faɗa daro, na raguna na."

Na ɗago na dube shi. Dattijo da furfura, ya san sarai inda hannu zai bi kafin ya ɗauko, ya kuma faɗa yana lumshe ido kamar mai ba da fatawa. Kyankyasan nan da baƙin man nan ba su ba ni ƙyama kamar maganar nan ba. Na ce, "Alhaji, yatsu ukku sunka rage mai." Ya ce, "Allah shi tsare, Uwaliya. Kowa da abin da anka rubuta mai." Ya miƙa hannu ya jawo butarsa, wato mu tashi.

A gida na tsare Siddiƙu. Na ce na rantse ko ya kawo ɓawo ba mai ci, zan zuba wa kaji. Inna da kanta ta ce ta haƙura, kunu ya ishe ta. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ɗaga hannun a gabana.

"Yaya, yatsu biyu nib bayar bisa ɓawon nan. In bar ma rago shi?"

Na ce to na uku za ka ƙara masa? Ya tashi ya bar mini wurin. Siddiƙu tun yana yaro haka yake, in ka ƙwace masa ƙashi zai bi ka har gida ko ba nama a jiki.

Mainasara ya koma ya duba, ya tarar an sake cusa kwaɓi, Siddiƙu ya koma fizgewa da hannu. Ya cire, aka mayar. Ya ce zai mai da makunnin can cikin ƙarfe inda kwaɓi ba ya kaiwa, ya kuma yi wa murfin wani makulli da ba ya buɗuwa sai wuƙaƙe sun tsaya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai tsalle da ya rasa a Goronyo, ya ba direba saƙo Sakkwato. Muna jiran saƙon nan ne, wata ranar da azahar ta kusa, sai ga ɗaya daga cikin masu kwaɓi ya faɗo gidanmu ba sallama, fulawa har gira. Bai buɗe baki ba na gane.

Kafin in isa an riga an ɗauki Siddiƙu a babur zuwa asibiti, Mainasara ya bi su. Ni na tsaya, don abin da aka yanke daga jikin mutum ba a barinsa a yashe, binne shi ake yi. Na shiga na tarar inji na aiki. Jelani ne da kansa a gabansa, murfi a rufe ruf, don shi yana son hannunsa. An goge wuƙaƙe da tsumman nan na kwanoni, ga shi a ƙasa ya yi ja. Motar kantin dam na ƙofa tana jiran kaya.

"Ina yatsar?" na ce.

Jelani ya ce sun duba ƙasa ba su gani ba. Na duba ƙarƙashin inji, na duba bayan tebur. Sai idona ya faɗa kan indararon Mainasara, da wani siririn jan layi a cikinsa. Ya yi aikinsa yadda aka ƙera shi, duk abin da ya faɗo gefen wuƙa sai ya gangarar. Daron da ke ƙasansa kuwa sabo ne, babu komai a ciki.

"Ina na ɗazu?"

Sai na tuna da raguna. Na zagaya baya da gudu. Raguna shida sun kifa kai cikin daro, ƙahoni na karo. Na kama na kusa da ni na finciko shi, na daki wani da takalmi, na durƙusa cikin kashinsu da fitsarinsu na zura hannu. Ɓawo ya jiƙe da yawu, ya yi yauƙi, yana manne mini a yatsu. Na yi ta tonawa, wani rago na hura mini numfashi a wuya. A can ƙasa na taɓa ta, manuniyar ce. Ta yi sanyi, garin burodi ya lulluɓe ta. Sun lashe ta sun bari, tun da su ba su cin nama.

Na ƙulle ta a bakin mayafina. Ta zaure na biyo da gangan. Alhaji ya ce, "Uwaliya, ashe haka Allah yaƙ ƙaddara?" Ban tsaya ba, ban durƙusa ba, na tofar da yawu a bakin ƙofarsa na wuce. Mainasara ya wanke ta ya binne da yamma. Washegari direba ya kawo masa ɗan ƙarfen daga Sakkwato, ya karɓa ya jefa a aljihu bai ko kwance takardar ba.

Da aka sallamo Siddiƙu, Alhaji ya aiko Jelani dubiya. Ya kawo gaisuwa, da buhu guda cike da ɓawo, wai Alhaji ya ce wannan duka nasa ne. Na karɓa na ja shi har bakin kwata na zazzage a gaban idonsa, kajin unguwa suka taru.

Da la'asar Siddiƙu bai iya zuwa masallaci ba, na taya shi alwala na shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin Inna. Na ce ba zan kalla ba, na koma bakin murhu. Amma da ya zauna tahiya sai da na juya. Hannun na kan gwiwarsa, naɗe da farin bandeji kamar dunƙulen fura. Da ya zo kan shahada, sai na ga bandejin ya motsa kaɗan, daidai inda babu komai.